Dell OptiPlex 7060 landan yus, shin kwalliya tana biyan kuɗin sabulu?

Jama'a sallama. Tambayar da ta fi yawan zuwa min daga masu shirin buɗe bizines senta ko shagon dizayin ita ce "oga an ce min Core i7 ce ram 8, na saya?" kuma wlh wannan tambayar ba ta da amsa a haka dan rabin bayanin ma ba a faɗa ba. Shi yasa na ce bari na zauna na rubuta abun da na gani a kan wadda nake aiki da ita, Dell OptiPlex 7060 siririyar nan da suke kira SFF mai i5-8500, a ciki kuma zan nuna yanda ni nake auna ko desktof ɗin da aka riga aka haɗo ta daga kamfani ta ci kuɗinta. Aikina dizayin ne da firintin, katin biki, kalanda, bana, katin shaidar ɗalibai, sai taifin ɗin furojet idan lokacinsa ya zo, dan haka da idon mai wannan sana'ar nake kallonta ba da idon ɗan gem ba.

Dan kar na ja ku da nisa, ta ci kuɗinta ga mai aikin ofis da dizayin, in dai ta zo da SSD, wato ma'ajiyar fayiloli mai sauri, da ram 16 ko kuma an rage maka kuɗin da zaka saka su da kanka. Ga mai son gem kuwa ba ta ci ba ko nawa aka rage, zan zo kan dalilin.

OptiPlex layin kwamfutocin ofis ne na Dell, ba na gida ba. Bankuna da asibitoci da ma'aikatu a Amurka da Ingila ke sayensu da ɗumbin yawa, su yi aiki da su 'yan shekaru sai su canza gaba ɗaya a lokaci guda, dillalai su kwashe su cika kwantena, su sauka Legas, daga Computer Village ta Ikeja su bazu har Banex a Abuja da Beirut Road a nan Kano. Shi yasa zaka shiga shago kaga iri ɗaya sak guda talatin a jibge kan juna. Ita 7060 a 2018 ta fito. Kuma wannan asalin nata na ofis shine babban abun da nake so a jikinta, an ƙera ta ne dan ta wuni a kunne kullum ba tare da ta dami kowa ba, murfin ba ya buƙatar sukundireba, ka ja maɓalli ɗaya a baya ya zame, ciki duk inda ake taɓawa an sa masa shuɗin roba, ko yaron shago zai iya canza ram. Dell ma sun daina amfani da sunan OptiPlex a sababbin kayansu tun farkon 2025 sun koma Dell Pro, amma mu nan sai mun shekara goma muna cin gajiyar tsofaffin.

Yanzu maganar i7 ɗin nan da take cinye wa mutane kuɗi. Sitikar da ke gaban kwamfuta mai cewa i7 ko i5 ba ta gaya maka komai sai ka ga lambar da ke bin bayanta. Kamar sayen rago ne a kara, ba ƙaho ake kallo ba baki ake buɗewa a duba haƙori. Lambar farko bayan layin ita ce jenareshon, i7-2600 ta biyu ce daga 2011, i7-3770 ta uku ce daga 2012, i5-8500 ta takwas ce daga 2018, in kuma lambobin biyar ne irin i5-10500 to biyun farko zaka karanta, ta goma kenan. i7-3770 kor 4 gare ta, wato sassan da ke raba aiki a cikin furosesa, kuma tsohon ram DDR3 take ci, ita kuwa i5-8500 kor 6 ce da DDR4, gudunta daga 3.0 har 4.1GHz, ta wuce waccan nesa ba kusa ba, amma a kasuwa sai kaji mai shago yana cewa "Alhaji wannan fa i7 ce, waccan i5 ce kawai" yana ƙara maka kuɗi a kan wadda ta girmi ɗanka na firamare. Wasunsu ma ba ha'inci ba ne, su ma a haka aka sayar musu kuma a haka kwastoma ke tambaya.

Dalilin da yasa na nace a kan ta takwas ba wai gudu kaɗai ba ne. A jenareshon na bakwai i5-7500 kor 4 ce, da aka shiga ta takwas Intel suka ƙara biyu, wannan tsalle ne babba a shekara ɗaya. Na biyu kuma wanda ya fi muhimmanci, Windows 11 a hukumance daga ta takwas ta fara karɓa, sai kuma da ɗan sashen tsaron nan TPM 2.0, ita kuma Windows 10 Microsoft sun rufe tallafinta na yau da kullum ranar 14 ga Oktoban 2025. Ma'ana 7040 da 7050 masu jenareshon na shida da na bakwai suna ƙasan layi, 7060 tana saman layi, alhali a ido in ka jera su da kyar zaka bambance. Kamfanonin can waje suna ta zubar da na shida da na bakwai saboda wannan dalilin, suna ta kwararowa nan, kuma araharsu tana da jan hankali gaskiya. Ban ce ba sa aiki ba, suna yi sarai, wanda taifin da firintin kawai zai yi ba ya shiga intanet da ita sosai zai more ta, amma dole farashinta ya nuna cewa ƙasan layi take. In bambancin 7050 da 7060 ɗan kaɗan ne wlh ka cika ka ɗauki 7060. Sannan kar ganin Windows 11 a kan sikirin ya ruɗe ka, masu gyara suna da hanyar ɗora ta a kan kowace tsohuwar kwamfuta da filash, har ta 2012 ma zaka gani da ita. Ka danna Ctrl da Shift da Esc tare, ka shiga inda aka nuna furosesa, ka karanta lambar da idonka.

Akwai wani tarkon kuma na suna da Dell da kansu suka jawo. OptiPlex 7010 guda biyu ne a duniya, ta 2012 mai jenareshon na uku da ta 2023 mai na goma sha uku. Haka 7020, akwai ta 2014 akwai ta 2024. Sai mutum ya bincika 7010 a waya yaga bayanan sabuwar da farashinta na dala, ya zo kasuwa a ce masa ga 7010 a kuɗi kaɗan, ya ɗauka ya tsinci dami a kala. Shekara goma sha ɗaya ce tsakaninsu.

Toh a wajen aiki yaya take. Tawa ram 16 ce, 8 biyu, da SSD irin siririn nan NVMe 256 da Windows ke kai, sai HDD 1TB, tsohuwar irin ma'ajiyar nan mai juyawa, da nake tara aikin kwastomomi. Daga danna maɓalli zuwa fara aiki kafin ka gyara zama ta gama buɗewa. CorelDRAW tana tafiya lafiya lau, ina buɗe fayil ɗin bana babba mai hotuna da yawa ga Photoshop a buɗe ina cire bayan hoton amarya ga Chrome da shafuka kusan goma ga WhatsApp kwastoma yana ta turo gyara "a ƙara girman sunan Hajiya", duk ba ta nuna gajiya. Word da Excel kam ba a magana. Inda take fara nishi shine editin ɗin bidiyo, 1080p na biki ko wa'azi tana yi, yanka da haɗawa da ɗan rubutu ba matsala, girafik ɗin cikinta UHD 630 yana taimakawa wajen fitar da bidiyon, amma da ka ɗora 4K ko ka fara jibga ifet da gyaran kala zata riƙa tsayawa tana tunani. Mai editin na gaske irin 'yan Kannywood wannan ba injinsa ba ne. Ƙara kuwa kusan babu, in shago ya yi shiru ne kawai zaka ji ɗan hucin fanka.

Gurbin ram 4 ne a cikinta kuma tana ɗauka har 64GB, wannan yana cikin abun da ya bambanta ta da ƙanwarta 3060 mai gurbi 2 kacal. Furosesa iri ɗaya zaka iya samu a dukansu, dan haka in kasan 16 ya ishe ka har abada 3060 ma ba laifi, har tana da HDMI a jikinta. In da hali ka nemi ram guda biyu masu girma ɗaya maimakon ɗaya babba, dan girafik ɗin ciki daga ram yake ara, in biyu ne hanyar ta fi faɗi kuma ana jin bambancin.

Sai abubuwan da ba na so, kuma suna da ɗan yawa.

Na farko fawa fak, akwatin da ke raba wa kayan ciki wuta. Wat 200 ne kawai, kuma ba irin na kowa da kowa ba ne, Dell sun yi nasu siffar daban da nasu soket mai fin 6 zuwa madabod, babban allon da komai ke jone a kai, maimakon 24 da aka saba. Wato ranar da ya ƙone ba zaka shiga kowane shago ka sayi na gama-gari ka saka ba, sai ka nemo irinsa sak wanda yawanci daga jikin wata matacciyar aka ciro. Madabod ɗin ma haka, ba ya zama a wani kes daban cikin sauƙi. Sauƙin abun dai shine sun yi yawa a kasuwa, kayan gyaran ba sa wuyar samu a Kano ko Legas, amma wanda ke ƙaramin gari ya san da wannan kafin ya saya. HP da Lenovo na ofis ma duk halinsu ɗaya a nan, ba Dell kaɗai ba.

Na biyu shine dalilin da na ce ɗan gem ya haƙura. Kes ɗin siriri ne, sai katin girafik gajere yake shiga, fawa fak ɗin ba shi da wayar ba wa kati wuta dan haka sai wanda ya wadatu da abun da gurbin ke bayarwa, wat 75 ne iyaka a ƙa'ida, sannan babban gurbin yana manne da fawa fak, kati mai kauri biyu ba ya samun wuri a nan. Abun da ya rage maka 'yan kaɗan ne. GT 1030, wanda shi ma iri biyu ne, mai GDDR5 da mai DDR4 da ya fi shi rauni sosai kuma suna ɗaya kwali kusan ɗaya. Ko RX 6400 siriri mai jan wat 53, yana taɓuka gem amma ba shi da sashen fitar da bidiyo, mai editin bai ƙaru da komai ba. Kuma waɗannan gajerun katunan tsada gare su fiye da ƙarfinsu saboda ba su da yawa. In ka haɗa kuɗin kwamfutar da na katin sai kaga ka kusa kuɗin wadda za a haɗa maka a babban kes da zata ɗauki duk katin da kaga dama gobe. Tsohuwar PES tana yi a haka ba kati in ka rage komai, amma ƙwallon EA FC na yanzu ka manta kawai.

Na uku ƙananan abubuwa masu cin kuɗi a ɓoye. DisplayPort biyu ne a bayanta na jona monita, HDMI ko VGA sai in kamfanin da ya fara sayenta ya biya an ƙara, mu kuma yawancin monitocin da ke yawo a hannunmu VGA ne ko HDMI, toh sai ka sayi adafta. Yawanci babu wayafai babu bulutut, sai ka sa ɗan ƙaramin na USB ko ka jona waya da kebul. Wurin HDD babba guda ɗaya ne tak. Ba kamara, sifika kuma ɗan ƙarami ne a ciki na jin ƙarar saƙo kawai.

A nan ne lissafin gaskiya yake. Ni in aka faɗa min farashin desktof ba na kallonsa a matsayin farashi, ina ɗaukar biro ne na rubuta kuɗin da zan kashe kafin ta zama abun da zan zauna na yi aiki a kai. In HDD ce a ciki na ƙara kuɗin SSD dan wlh Windows 11 a kan HDD azaba ce, mai juyawa da kyar yake wuce 150MB a sakan, SSD na SATA yana kai 500 da ɗoriya, NVMe ya ninka haka, kuma wajen buɗe ƙananan fayiloli ratar ta fi haka ma. In ram 8 ne na ƙara kuɗin wani 8. Na ƙara monita, kibod, maus, adafta, wayafai, UPS mai riƙe ta in an ɗauke wuta. Abun da ya fito a ƙasa shine farashinta. Sau da yawa wadda ake ce maka ta fi araha in ka gama wannan lissafin ita ce mai tsadar. Musamman yanzu da ram ya yi tashin gwauron zabi tun ƙarshen 2025 saboda manyan kamfanonin AI suna kwashe abun da masana'antu ke fitarwa, wadda ta zo da 16 a jikinta ta ƙara daraja ba kaɗan ba, kuma shi yasa wasu ke zare ɗaya su bar maka 8 su sayar da ɗayan daban.

Bayan wannan sai na yi lissafi na biyu, na tambayi kuɗin kayan cikinta ɗaya bayan ɗaya a kasuwar ranar, furosesa nawa, ram nawa, SSD nawa, in na haɗa na ga nawa ya rage a matsayin kuɗin madabod da kes da fawa fak da lasisin Windows. A kan 7060 abun da ke ragewa ɗan kaɗan ne, kusan kyauta kake samun gangar jikin, kuma lasisin Windows ɗin na asali yana cikin madabod, in ka ɗora irin wadda ta zo da ita da kanta take kunnuwa da zarar ta ga intanet, ba ruwanka da kirak. Wannan ne ya sa na ce ta ci kuɗinta. Na uku sai na tambayi nawa za a haɗa min sabuwa dal mai i3-12100 da madabod H610 da ram da SSD daidai da waɗancan. Kar sunan i3 ya sa ka raina ta, ta 2022 ce kuma ta fi i5-8500 gudu, kayanta duk na gama-gari ne, duk abun da ya lalace ka canza shi shi kaɗai. In ratar kuɗin ba ta da yawa sabuwar ta fi. Amma a duk lokacin da na gwada ratar tana da faɗi sosai dan sabon kaya da dala yake tafiya kai tsaye tun da aka saki naira a 2023, kuma ga mai fara sana'a wannan ratar ita ce kuɗin firinta.

Waɗanda nake jin haushinsu su ne masu kes ɗin gilashi da fitilu kala-kala ana ce musu gemin. Ba duka ba, akwai na kirki, amma da yawa in ka leƙa ciki Xeon E5 ne da aka ciro daga tsofaffin sabar na wajen 2013 da 2014, a kan madabod marar suna, da RX 580 na 2017 wanda wataƙila ya sha haƙar kirifto dare da rana kafin Ethereum ta daina haƙa a Satumban 2022 aka zubo su kasuwa, sai fawa fak mara nauyi da aka rubuta wa wat ɗin da bai kai ba. A talla sai a rubuta kor 12 ko "daidai da i7". Gem kam suna bugawa fiye da OptiPlex, ban musa ba, amma Windows 11 ba ta san da su ba a hukumance, wuta suke sha, kuma fawa fak ɗin nan in ya tashi tafiya ba shi kaɗai yake tafiya ba. Kuɗin fitila da gilashi kake biya.

Maganar wuta kuwa a ƙasar nan ba a raba ta da farashin kwamfuta. A Afrilun 2024 aka kai kuɗin wutar 'yan Band A naira 225 kowane yunit, daga baya aka ɗan sassauta kaɗan. Mu ɗauka misali ita da monita suna jan wat 60 a aikin taifin da dizayin, awa 10 ya zama yunit 0.6, naira 135 kenan a wancan farashin. Wata mai jan wat 250 a awa 10 ɗin yunit 2.5 ne, sama da naira 560. In kana buɗe shago kwana 26 bambancin ya haura dubu 11 a wata, kuma wannan a wutar NEPA ne, in a inji kake ko sola to kai ka fi ni sanin yanda kowane wat yake da ciwo. Shi yasa wanda ke kan ƙaramar inbata nake ce masa ya duba 7060 Micro, 'yar ƙaramar nan kamar littafi mai i5-8500T, harafin T ɗin yana nufin ta rage shan wuta, wat 35 maimakon 65, da caja take aiki irin ta laftof. Ta ɗan fi rashin gudu, ram ɗin laftof take ci gurbi 2, ba wurin kati sam, amma a CBT ko teburin kashiya ko ofishin makaranta ban ga abun da ya fi ta ba.

Kuma desktof ba ta da batir, an ɗauke wuta ta mutu da aikinka a ciki, in abun ya yi ta maimaituwa Windows ta lalace ko HDD ya tafi. UPS dole ne ko da ƙarami mai 650VA da zai baka minti kaɗan ka yi sebin. Abu ɗaya mai daɗi, fawa fak ɗin 7060 yana karɓar wuta daga 100 zuwa 240 da kansa, ba kamar tsofaffin da ke zuwa daga Amurka masu jan maɓalli a baya ba, waɗanda in an bar shi a 115 ka jona a tamu sai dai kaji fau da hayaƙi.

Zafi da ƙura ma sai an yi da gaske. Kwamfutar da ta saba da ofis mai esi a Ingila ce ka kawo ta Kano inda Afrilu ke haura digiri 40, ga hazo in hunturu ya shigo. Da ka saya ka sa a cire fankar furosesa a goge busasshen man nan a sa sabo, dan na 2018 ne ya zama kamar alli. Kar ka ajiye ta a ƙasa, kar ka cusa ta cikin durowar tebur, ta gaba take shaƙar iska ta fitar ta baya. Lokaci lokaci ka buɗe ka hure da bulowa kana riƙe da fankar da yatsa kar ta yi ta juyawa.

A shago kuwa kar ka ji kunyar ɓata musu lokaci, kuɗinka ne. A jikin kowace Dell akwai sitika mai lamba da harafi guda 7 da suke kira Service Tag, ka shigar da ita a shafin Dell a wayarka zai nuna maka lokacin da aka fitar da ita da kayan da ta zo da su daga kamfani, nan zaka gane in an yi musanye. Ka kunna kana danna F12 ka zaɓi gwajin da ke ciki, zai duba ram da fanka da disk da kansa. Ka sake kunnawa da F2 ka shiga BIOS ka gwada canza wani abu, in ta nemi faswod to kamfanin da ya yar da ita bai cire ba, ka ce a baka wata. Ka duba kwanan wata, in ya koma baya ɗan batirin CR2032 ne ya mutu, ba tsada amma su canza. Ka taho da CrystalDiskInfo a filash ka duba lafiyar disk da awannin da ya yi a kunne, shekara ɗaya awa 8760 ce, in kaga 30,000 to ya haura shekara uku ba hutu, in kuma ya nuna ruwan ɗorawa maimakon shuɗi kar ma ka tsaya ciniki a kansa. Ka karanta sunan SSD ɗin, da yawa ana cire na asali a can waje saboda sirrin kamfani, a nan sai a cusa mafi arha marar suna, in haka ne ka sa a lissafinka cewa zaka canza shi. Ka soka filash a duk ramukan USB gaba da baya, ka gwada DisplayPort ɗin duka biyun, ka sa a buɗe murfi ka ƙirga ram da idonka ka duba ko akwai tsatsa ko alamar an taɓa ƙona wani wuri da ayan.

Wani abun da mutane ba su cika sani ba, wasu daga cikinsu har yanzu suna rajista da sunan kamfanin da ya mallake su. Tana aiki lafiya a shago, ranar da ka yi mata fomatin ka jona intanet sai ta fito da sunan wani kamfani a Turai tana neman imel ɗin ma'aikacinsu. In zaka sayi da yawa na CBT ko makaranta ka sa a yi wa kowacce sabuwar Windows da intanet a jone a gabanka.

In ka samu HP EliteDesk 800 G4 SFF a kuɗi ɗaya da 7060, ni zan ɗan karkata can. Furosesa iri ɗaya ce, kes ɗin ya ɗan fi girma, tana da wurin HDD babba biyu da gurbin NVMe biyu, ga mai tara aikin kwastomomi wannan ba ƙaramin abu ba ne. Dell ɗin ta fi ta ƙanƙanta a tebur kuma a ganina kayan gyaranta sun fi yawa a hannun masu gyara. Duk wadda ka samu mai tsafta a cikinsu ka ɗauka.

Garanti kuma na baki ba garanti ba ne. Ka sa a rubuta maka a rasit kwana nawa ne, da Service Tag ɗin, da girman ram da SSD, dan in ka dawo da ita kar a ce ba ita ba ce. Wasu sati ɗaya suke bayarwa wasu wata, ka roƙi mafi tsawo ko da zaka ɗan ƙara wani abu. In ka kai ta gida kar ka lallaɓa ta a kwanakin nan, ka kunna ta tun safe har dare da aiki mai nauyi a tsakiyar zafin rana, ka kashe ka kunna, ka cika disk ɗin da manyan fayiloli ka sake kwafe su waje, in akwai abun da zai fito ya fito tun rasit ɗin yana da amfani.